Me Ya Sa Tsofaffin Wasannin Bidiyo Suka Fi Wuya?

Tambaya: Malam, na kunna wa ɗana Super Mario Bros., yaron da ke gama wasannin zamani cikin kwana biyu, amma ya kasa wuce duniya ta huɗu. Me ya sa tsofaffin wasanni suke da wuya haka?

Amsa: Ɗan'uwa, yaronka ba shi da laifi. Injinan gidajen wasa irin Pac-Man na 1980 da Donkey Kong na 1981, sai ka jefa kwabo kafin su fara. Idan ka daɗe ba ka mutu ba, mai injin ya yi asara, don haka aka tsananta su.

Na gida kuma matsalarsu ƙarancin wurin ajiyar bayanai ce. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kusan kilobait 40 ne, kuma ba ya ajiye inda ka tsaya. Wuyar ce ke tsawaita shi.

Ni dai Ghosts 'n Goblins na kamfanin Capcom ne ya fi ba ni wahala: bugu biyu ka mutu, kuma sai ka gama shi sau biyu kafin ka ga ƙarshensa na gaskiya. Har yau ina son sa. Ka nuna wa yaron ɓoyayyun bututun da ke ƙarshen matakin 1-2 (mataki na biyu a duniya ta farko) na Super Mario Bros., masu tsallake ɗan wasa zuwa duniyoyin gaba.