Kafin Ka Ƙara wa Inji Ƙarfi, Duba Birki da Lagireto

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da BMW 325i ƙirar E36 ta 1994, 'yar Kwatano ce, a hannu na saye ta. Ni da abokaina mun yanke shawarar barin wasan mota a kan titi, muna son mu riƙa shiga gasa a killataccen fili. Na ɗan tara kuɗi. Wasu sun ce in sa mata turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, wasu sun ce in fara canza salansa. Da wanne zan fara? Daga wani matashi a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Barin titi da kuka yi niyya ya faranta mini rai ƙwarai, Allah Ya yi muku albarka. Titi na kowa ne, da mai Keke Napep da yaron da aka aika sayen ƙosai.

Amma ba turbo ba, ba salansa ba. Injin da ke cikin motarka mai silinda shida ne, lita 2.5, kuma daga kamfani ya fito da ƙarfin doki kusan 190. Wannan ya ishi mai koyo har ya yi masa yawa. A shekarun da na yi ina kwance ƙarƙashin mota, ban ga sabon direba ya bar fili don injinsa ba ya gudu ba. Abin da ke mayar da su gida birki ne da zafi.

Mu fara da man birki, don shi ne aka fi rainawa. Man nan yana shan danshin iska a hankali, ko da ba a buɗe murfin tankinsa da ke cikin mota ba. Sabon man birki nau'in DOT 4, wanda shi motarka ke sha, ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230. Idan ya tsufa ya sha ruwa, yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155. A cikin gari ba za ka taɓa kai shi nan ba. A fili kuwa kana taka birki da ƙarfi a kowace kwana, zagaye bayan zagaye, kuma duk lokacin da ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai haɗiye ya ninku sau huɗu. Da man ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin bututu, kumfa kuwa matsuwa take yi, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa babu komai. An taɓa jawo mini wata mota da hakan ta faru da ita. Na zuƙo man a sirinji na ɗaga shi a rana, ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta. Mai motar ya rantse birkinsa lafiya lau yake da safe, kuma gaskiya ya faɗa, da safe bai yi zafi ba.

Don haka a zubar da tsohon gaba ɗaya, ba ciko ba. A zuba sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iska ƙafa huɗu, a fara da tayar baya wadda ta fi nisa da direba. DOT 4 ko DOT 5.1 duk sun yi. Amma ka lura, DOT 5 marar ɗigo da ɗaya wani abu ne daban, ba a haɗa shi da waɗannan. Birki fad idan ya ci rabi, canza shi kafin gasa, don siriri ya fi saurin kai zafi cikin mai. Ka sa a haska tocila a kan faifan birki a nemi tsaga, a kuma lanƙwasa robobin da ke kai mai zuwa taya. Mota mai shekara talatin, sau da yawa robar da ta zo da ita ce har yau.

Sai zafi. Ka san yadda Afrilu da Mayu suke a Katsina, digiri 40 a inuwa ba labari ba ne. Ita kuma E36 an san rauninta a nan: wuyan lagireto roba ne, kuma da yawa farfelar famfon ruwansu ma roba ce, idan ta tsufa sai ta tsage ko ta riƙa juyawa a banza ba ta tura ruwa. Injin ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani, ka sayi gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, wani lokaci har da kan inji. Ni da kuɗin turbon nan zan sayi sabon lagireto, da famfo, da murfi, da robobin ruwa. Kuma ina roƙonka, kada ka bari a cire maka tamostat kamar yadda muka saba yi wa motocin Beljiyam da sun shigo. Aikinsa riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Idan ya lalace, sabo za a sa. Ruwan burtsatse da na rijiya ma a bar su, gishirinsu ke toshe lagireto. A hura ƙurar hunturu daga jikin lagireto, a duba abin tace iska, a juye baƙin mai a sa sabo, a cika shi daidai layin sama, domin a doguwar kwana man yana karkata gefe guda.

Taya kuwa, ka karanta gefenta. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko satin da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, sati na 23 ne a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko zanenta na nan raɗau, robar ta bushe. Wadda mai faci ya taɓa gefenta kada ta shiga fili. Sayi ma'aunin iska naka, ka auna da sanyi, ka sake aunawa da ka fito tana zafi, ka rubuta a littafi. A ɗaga motar a girgiza kowace taya a ji ko boljoyin ko tayarod, wato ƙarafan da ke riƙe taya da juya ta, na wasa. Notin taya da sifana mai awo ake ɗaure shi, ba yaron gareji ya hau kan ƙarfe yana tsalle ba.

Yanzu abin da ya fi damuna, wato jikinka. Hular kwanon 'yan acaɓa ba ta tsere ba ce. Nemi mai tambarin Snell SA ko na FIA, hukumar tseren motoci ta duniya. Idan gasar ta buƙaci kejin ƙarfe a cikin mota, kada mai waldar ƙofa ya haɗa maka shi da bututun ruwa. Ƙa'idar FIA ta nemi bututun ƙarfe marar ɗinki, babbar sandar ta kai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Kejin da aka yi da ka ya fi rashinsa haɗari, don idan ya karye kai zai soka. Haka bel mai igiya huɗu ko biyar, ba a sa shi sai da keji da kujerar da ta dace. Kafin nan bel ɗin kamfani ya fi. A ɗaure batir da ƙarfe, a kafe tukunyar kashe gobara inda hannunka zai kai kana zaune, a kwashe jak da tabarma da duk wani abu da zai iya gangarowa ƙarƙashin birki.

Mu Katsinawa mun gaji wasan folo tun zamanin Sarki Dikko, ka je ka ga masu kula da dawakin, kofato da ƙafa suke fara dubawa tun kwanaki kafin wasa. Kai ma ka gama aikin motar sati guda kafin rana, ka tuƙa ta a gari ka ga ko akwai yoyo. Ka nemi takardar ƙa'idojin masu shirya gasar tun kafin ka sayi komai, don wasu filayen ba sa yarda da ruwan sanyaya inji mai launi, saboda santsinsa idan ya zube. Ranar kuma, da ka gama zagayenka, yi ɗaya a hankali birki ya huce, kuma idan ka tsaya kada ka ja birkin hannu, sa ta a giya ka dasa dutse.