Amsa: Horon wasan kwaikwayo na yara a laburare

Maman Abba, kin tambaya ko ki kai ɗanki horon wasan kwaikwayon da ake yi a laburare lokacin dogon hutu. Ki kai shi, wallahi. Ɗiyar yayata a nan Gombe, da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, murya kamar ta sauro. Aka ce ta fito a Gizo, dole ta yi ta karanta tatsuniyar har ta haddace. Ranar nuni kuwa, har da tsamin bakin Gizo, muka sha dariya. Karatun Hausarta ma ya miƙe, tunda littattafan na gefenta.

Ki dai je ki ga masu koyarwar da idonki, ki tambayi lokacin tashi, kada ya ci masa Islamiyyar la'asar.