Farin goro da jan goro

Uwata, saƙonki ya iso tun bayan la'asar. Sai da na sa jikata ta karanta min shi sau biyu, ita ce kuma take rubuta miki wannan, don idona ya daina ganin rubutun waya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya jikina ya yi sanyi. Wai ko rashin kunya ne yarinya ta ce sai ta ga takardar gwajin jinin ɗan baffanta kafin a kawo kuɗin gaisuwa, kuma wai ƙawayenki sun ce auren zumunci ne ke kawo sikila. Ikon Allah! Mu a zamaninmu ko sunan wanda za a ba ki ba kya iya kamawa, balle ki nemi takardarsa.

Ni ma ai tuwona maina aka yi da ni, kakanmu ɗaya da Alhaji. A 1978 aka sa ni a jirgin ƙasa daga Kano da kwallayena, ina kuka har Kaduna, muka sauka tashar Agege inda yake fataucin goro. Kakarmu kan ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. Hujjarta ita ce an san asali, dukiya ba ta fita gida, in an saɓa tsofaffi su kashe wutar a ɗaki. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Yarinya a Ikko, ba uwa ba uba ba yaren gari, sanin cewa mijin jininki ne ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan farina bai kai yaye ba. Hannuwa da ƙafafu su kumbura, ido ya yi rawaya, mu ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Ta biyu lafiya lau, ita ce yayarki mai aikin jinya. Na uku ya shekara uku ya bi ɗan'uwansa. Matan gida suka ce wabi nake yi. Bayarabiyar da muke haya a gidanta ta ce su abiku suke kiransa, yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Da na haifi na huɗu, da asuba ungozoma ta naɗe shi a tsumma ta kai shi kan juji ta bayan layin dogo, ta juya baya kamar ba a so, wata maƙwabciya ta tsinto shi, aka huda masa kunne ɗaya. To kin ji inda Yaya Ajuji ya samo sunan da kuke tsokanarsa da shi. Mai gidan hayar har ƙarfen ƙafa ta kawo a sa masa, Alhaji ya ce wannan kam ba da shi ba.

Jujin bai hana komai ba. Daminar 1986 yaron ya kwana yana ihu, ko taɓa shi aka yi sai ya sandare. Gari na wayewa muka shiga molue zuwa Oshodi, daga nan Mushin, muka isa asibitin koyarwa na Idi-Araba. Aka ɗebi jininsa, aka ce mu ma mu miƙa hannu. Alhaji ya ɓata rai, wai shi me ya haɗa shi da ciwon yara. Ranar karɓar sakamako muka samu wata dattijuwar nas mai Hausar Jos. Ta hango ganyen goro a aljihunsa, ta ce, “Alhaji, ba ni huɗu, fari biyu ja biyu.” Ta ajiye fari ɗaya da ja ɗaya a gabansa, ta ajiye irinsu a gabana. Ta ce farin shi ne A, jan shi ne S, kowannenmu yana ɗauke da duka biyun, shi ya sa muke lafiya, AS ke nan. Sai ta sa ya rufe ido ya ɗauki ɗaya a nasa, ni ma na ɗauki ɗaya a nawa. Fari da ja. Aka mayar, aka sake. Fari da fari. Karo na uku muka buɗe hannu, ja da ja. Ta ce, “Ga Ajuji nan.”

Na ce mata, to tunda kin ce ɗaya cikin huɗu ne, ai mun riga mun biya har da ƙari, sauran da za su zo masu lafiya ne. Ta girgiza kai. Ta ce goron mayar da shi ake yi, kowane ciki sabon ɗiba ne, bai san abin da ya faru da na baya ba. A molue muna komawa Alhaji bai ce uffan ba sai wajen Ikeja, ya ce, “Ashe rabin nawa ne.” Lokacin kuwa mahaifiyarsa ta matsa ya ƙara aure, wai mahaifata ce ba ta riƙe 'ya'ya.

Sauran bayanin yayarki ce ta cusa min shi da ta yi karatu. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, a cikin kowace akwai ɗaurin gado 46, su suke kira kuromosom. Daga ƙwaya ɗaya ake farawa, ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, kowace ta kwafi 46 ɗin cif, haka jariri ke girma, haka ciwo ke warkewa. Amma wajen yin ƙwan mace da ruwan namiji rabon daban ne, 23 kawai ake ɗiba bayan an cakuɗa na uwa da na uba. Shi ya sa ke da ƙannenki ciki ɗaya amma kowa da hancinsa. Jan jinin mai lafiya yana kwana 120 yana aiki, na mai SS, wato ja da ja, mai sikila ke nan, kuwa lanƙwashewa yake kamar lauje, ya toshe ƙananan jijiyoyi, bai fi kwana 10 zuwa 20 ba ya mutu. Malamin Islamiyyarmu ma ya taɓa karanta mana hadisin mutumin da ya zo yana zargin matarsa don ta haifi baƙin yaro, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi launin raƙumansa, har ya nuna masa cewa gado kan ɓuya ya fito daga kakanni.

Ki gaya wa ƙawayen naki, Yarbawa ba sa auren dangi ko kusa, amma benci ɗaya muke zama da su a asibiti. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da jan goron, bare ko ɗan'uwa, wai don mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Sai dai kada in ɓoye miki, 'ya'yan wa da ƙani kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu iri ɗaya ne, abin da kaka ya ɓoye ya fi saurin haɗuwa a gidansu.

Abin da ke ba ni haushi da ku, mu rashin sani ne ya ci mu, ku kuwa ga ɗakin gwaji a kowane lungu. Za a kashe dubbai a hoton kafin biki da dina da anko, amma a ce a je a ɗebi jini sai a fara noƙe-noƙe, ko a bari sai so ya kai wuya sannan a je, sakamako ya fito a hau kuka. Har na ji wasu sayen takardar ƙarya suke. Kano ma tun 2024 doka ta tilasta gwajin kafin a ɗaura.

Zancen ki aure shi ko kada ki aure shi, wannan ba na waya ba ne. Kada ki tunkari Baffanki da bakinki, zai ce kin raina shi. Ki bar ni da shi, ƙanina ne, ni na goya shi. Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko, Ajuji zai kawo yaransa ku gaisa. Af, duk tsawon saƙon nan naki takardarsa kike ta tambaya. Ke taki tana ina?