Baftisma: me ya hana a ce mata wanka?

Wata mai karatu ta aiko tana tambaya: "Malam, baftisma Hausa ce? Tunda da ruwa ake yi, me ya hana a ce wanka kawai?"

Malama, baftisma, wato ibadar shiga addinin Kirista da ake yi da ruwa, kalmar aro ce. Asalinta Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari (kashi na biyu na Littafi Mai Tsarki) da shi, kuma tushenta na nufin tsoma abu cikin ruwa ko nutsar da shi. Da ta shigo bakin Bahaushe sai "p" ta "baptisma" ta koma "f", kamar yadda aka saba da kalmomin aro. Harsuna da yawa ma aronta suka yi.

A ganina masu fassara Littafi Mai Tsarki sun yi daidai da suka ƙi cewa wanka. Wanka mutum ke yi wa kansa, yau ya yi, gobe ya sake, don ya fitar da dauɗa. Baftisma kuwa yi wa mutum ake yi, shi ya sa za ki ji Kirista na cewa "an yi mini baftisma". Kuma sau ɗaya ce a rayuwa. A Littafi Mai Tsarki, Afisawa 4:5 ta ambaci Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Yesu kansa bai yi wa kansa ba, Yahaya Mai Baftisma ne ya yi masa a Kogin Urdun. Daga baya ya umarci almajiransa su yi wa al'ummai baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki (Matiyu 28:19).

Ma'anar da ta fi nauyi tana Romawa 6:3-4. Manzo Bulus ya ce shiga ruwan binnewa ce tare da Almasihu, fitowa kuma tashi ne zuwa sabuwar rayuwa. Kin ga kalmar wanka ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Ta baftisma ne kuma mutum ke shiga ikkilisiya, wato jama'ar Kirista: a ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Yesu, kimanin mutum 3,000 aka yi wa (Ayyukan Manzanni 2:41).

Yadda ake yi ya bambanta. 'Yan Baptis suna nutsar da wanda ya shaida bangaskiyarsa da bakinsa, Katolika da Angilikan kuwa suna yi wa jarirai ma, galibi ta zuba ruwa a ka.

Wani bawan Allah kuma ya tambayi ma'anar "wanka da gari ba ya maganin yunwa". Malam, nufinta shi ne abin da ya kamata ya shiga ciki ba ya amfani in a fata ya tsaya. Na haɗa tambayarka da ta sama ne don sun zo wuri ɗaya: 1 Bitrus 3:21 ta ce baftisma ba cire ƙazantar jiki ba ce, alkawari ne ga Allah daga lamiri mai tsabta. Shi ya sa ikkilisiyoyi kan koyar da babba kafin a yi masa, jariri kuma iyayensa da masu tsaya masa ke ɗaukar alkawarin rainonsa cikin bangaskiya.