Basarake Ya Karanta Jawabinsa Daga Takarda Ko Ya Haddace Shi?

Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, an yi wa yayana sarauta a nan Kano, kuma nan da 'yan makonni za a naɗa shi. Bayan an fito daga fada za a yi walima, inda zai yi jawabi a gaban hakimai da malamai da mutanen ƙasarsa, ni kuma aka ɗora wa rubuta masa jawabin. To gidanmu ya rabu biyu. Baffanmu, wanda ya daɗe yana zaman fada, ya ce abin kunya ne basarake ya sunkuyar da kai kan takarda kamar ɗan makaranta, kuma Manzon Allah bai taɓa yin huɗuba da takarda ba, saboda haka lallai ya haddace. Da aka nuna masa cewa ko Sarkin Ingila, a bikin naɗinsa na 2023, daga kati ya riƙa karanta kalmominsa, sai ya ce ai wannan ya ƙara tabbatar da cewa ɗabi'ar Nasara ce. Shi kuwa yayan nawa mutum ne mai kunya, da ya ga taro harshensa sai ya sarƙe. Mene ne hukuncin shari'a a kan wannan? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya sanya albarka a wannan sarauta, ya taya yayanka riƙo.

Ka sani, ɗana, jawabin basarake a wurin naɗi ko hawan sallah ko karɓar baƙi yana cikin babin al'ada, ba ya cikin ibadun da shari'a ta ƙayyade musu siffa, kuma asali a cikin al'adu shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani. Saboda haka karantawa daga takarda halal ne, haddacewa ma halal ne, babu zunubi a kan wanda ya zaɓi ɗaya, kuma ba ya halatta a ɗora wa yayanka laifi a addini saboda ya riƙe takarda. Amma dukkansu hanyoyi ne, hanya kuwa tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, don haka fifiko yana canzawa gwargwadon irin maganar da za a faɗa da kuma halin mai faɗarta.

Hujjar Baffanku, Allah ya ƙara masa girma, ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna kafa ta ko a kan limaman Juma'a. Gaskiya ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai yi huɗuba da takarda ba, sai dai dalilin haka shi ne kasancewarsa Ummiyyi, wato wanda ba ya karatu da rubutu, kuma Allah ya faɗa a Suratul Ankabut, aya ta 48, cewa bai kasance yana karanta wani littafi kafin Alƙur'ani ba, kuma bai rubuta shi da damansa ba, domin da haka ta faru da masu ɓarna sun yi shakka. Wannan dalili ne na annabcinsa kuma kamala ce a gare shi shi kaɗai. Da a ce sunna ce da ake koyi da ita, da koyon rubutu ya zama abin ƙi, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Kuma a shekarar da aka buɗe Makka, da ya gama huɗuba, wani mutumin Yaman mai suna Abu Shah ya roƙi a rubuta masa abin da ya ji, sai Annabi ya ce a rubuta wa Abu Shah, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ya kuma aika wasiƙu ga Hiraƙla sarkin Rum da Kisra sarkin Farisa da Muƙauƙis mai mulkin Masar, ya sa aka yi masa zobe na azurfa don buga hatimi. Maganar shugabanci a rubuce, wadda ake karantawa a bainar jama'a, ta girmi zuwan Turawa ƙasar nan da fiye da shekara dubu. Da ajalin Sayyidina Abubakar ya matso, Sayyidina Usman ne ya rubuta wasiyyarsa ta naɗa Sayyidina Umar, aka karanta wa mutane. Abdullahi ɗan Umar ma a rubuce ya aika mubaya'arsa ga Abdulmalik ɗan Marwan, kuma wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Kamanceceniya da Nasara da aka hana tana cikin abin da ya keɓanta da addininsu da alamominsu, ba ta shiga takarda da alƙalami.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai mas'alar da ta fi wannan nauyi, wato liman ya riƙa kallon Mus'hafi yana jan salla. Bukhari ya ambaci cewa bawan Nana A'isha, Zakwan, ya kasance yana yi mata limanci daga Mus'hafi, kuma Imamu Malik bai ga laifin haka ba a tsayuwar Ramadan, ya dai ƙi shi a farilla. To idan an yi rangwame a cikin sallar nafila, wadda ganawa ce da Ubangiji, yaya za a tsananta a jawabin walima? Malaman hadisi kuma sun raba kiyayewa kashi biyu, kiyayewar ƙirji da kiyayewar littafi, suka karɓi duka biyun, har an ruwaito cewa Imamu Ahmad, duk da ƙarfin haddarsa, ya umarci Aliyu ɗan Madini da kada ya karantar da hadisi sai daga littafi. Mu ma a Kano muna ganin wannan kowane azumi a wuraren tafsiri, inda mai jan baƙi yake jawo aya da ka, malam kuma littafin tafsirin Jalalaini yana buɗe a gabansa, kuma ba a taɓa cewa ɗayansu ya gaza ba.

Duk da haka ba na son ka fahimci cewa maganar Baffa ba ta da tushe. Garin nan gari ne na hadda, kunnuwan mutanensa sun saba da alarammomi da gwanaye, kuma talaka yana son ya ga idon shugabansa lokacin da yake yi masa magana. Shehu Magili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya yi ta maimaita cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya shamakance daga talakawansa. Abin da yake nufi shi ne rufe ƙofa ga masu kuka, amma ina ganin takardar da basarake zai binne fuskarsa a cikinta tun daga bisimilla har zuwa fatiha, ga rawani ga amawali, ita ma wani ɗan shamaki ce. Jabir ya siffanta huɗubar Annabi da cewa idanunsa sukan yi ja, muryarsa ta ɗaga, kamar mai gargaɗin zuwan runduna, wannan kuwa ba ya samuwa ga wanda yake bin layi da yatsa. Shirya magana a zuci kafin taro shi ma aikin magabata ne, domin Sayyidina Umar ya ba da labarin cewa a ranar Saƙifa, wato ranar da sahabbai suka taru don zaɓen halifa bayan rasuwar Annabi, ya riga ya tsara wata magana da ta ƙayatar da shi, wadda ya so ya gabatar. Don haka wanda Allah ya hore wa harshe da natsuwa, ya tsara maganarsa ya faɗe ta da ka, ya yi abin da ya fi shiga zuciya.

Inda nake ganin karantawa ta fi, har wani lokaci ta zama wajibi, shi ne wurin da kuskuren kalma ɗaya yake jawo ɓarna. Ayar Alƙur'ani da hadisi suna gaba a nan. Na taɓa halartar wata walimar naɗi inda sabon basarake, wanda aka matsa wa ya haddace jawabinsa, ya ɗauko ayar da take umarni da mayar da amana ga masu ita, da ya kai tsakiya sai ta ɓace masa, ya tsaya yana gyara alkyabba, gumi yana tsattsafowa ta ƙarƙashin rawani, daga nan ya ƙarasa ta da ƙarshen wata ayar dabam. Malaman da ke sahun gaba suka ɗaga murya suka gyara masa, kamar yadda ya wajaba a kansu, lasifika kuma ta kai gyaran har bakin titi. Kunyar da aka guje wa ita aka faɗa ciki, da ƙari, alhali ɗan guntun takarda a tafin hannu ya isa ya tsare shi ya kuma tsare ayar. Wanda ya san ba zai iya kawo nassi daidai da ka ba, to ya karanta shi ko ya bar kawo shi, ba shi da zaɓi na uku. Haka nan sanarwar da ta shafi haƙƙin mutane, kamar iyakar gona, ko ranar da za a fara wani aiki, ko saƙon da Sarki ya ba shi ya isar, ko adadin kuɗi, domin maganar basarake ba kamar ta kowa ba ce, ana ɗaukarta a wayoyi, kafin ya koma gida ta zaga gari, kuma abin da ya fita daga bakinsa bisa kuskure talaka zai riƙe shi a matsayin hukunci.

Rantsuwa da alƙawarin biyayya su ma a nan suke. Idan akwai lafazin da aka ƙayyade, to ya karanta shi ko a riƙa faɗa masa yana maimaitawa, kuma wannan laƙƙanawa tana da asali, domin sahabbai sun ruwaito cewa idan suka yi wa Annabi mubaya'a a kan ji da biyayya yakan laƙƙana musu cewa gwargwadon abin da suka iya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya san ma'anar abin da yake rantsuwa a kai kafin ranar, musamman in da Larabci ko Turanci aka rubuta, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa rantsuwa tana kan niyyar wanda ya rantsar. Ba zai zo daga baya ya ce shi dai karantawa ya yi, bai nufi haka ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a cikin tambayarka, wanda gidanku bai yi gardama a kansa ba, wato kai ne za ka rubuta, shi kuma ya faɗa. Rubuta wa shugaba magana halal ne, aikin magatakarda ne tun da, kuma Annabi Musa da kansa ya roƙi Allah ya warware ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna domin ya fi shi fasahar harshe, don haka nauyin baki ba aibi ba ne ga yayanka. Amma da zarar ya furta, maganar ta zama tasa, shi za a tambaya a kanta gobe ƙiyama, kai kuma a tambaye ka abin da ka sa a bakinsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum uku Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, a cikinsu akwai sarki maƙaryaci, kuma Allah ya ce a Suratus Saff abin ƙi ne mai girma a wurinsa ku faɗi abin da ba ku aikatawa. Na sha ganin an miƙa wa basarake takarda a bakin rumfa, bai taɓa ganinta ba sai a lokacin, ya karanta alƙawarin gyara makaranta da haƙa rijiya, jama'a su yi kabbara, shi kuwa ko a zuciyarsa bai ƙudura ba. Wannan haramun ne ko an karanta ko an haddace, kuma hadda ba ta wanke shi, hasali ma wanda ya haddace maganar wani don a ce masa fasihi, yana nuna kamar yanzu ta zo masa, ina jiye masa tsoron shiga hadisin mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba, wanda aka kamanta da mai sanye da tufafin ƙarya biyu. Idan kuwa ya haddace don ya kyautata isarwa ne kawai, babu komai a kansa.

Abin da nake ba ku fatawa da shi game da yayanka, tunda ka siffanta shi da kunya da sarƙewar harshe, shi ne kada a tilasta masa hadda. Ku zauna tare tun yanzu, ya faɗa maka abin da yake nufin yi wa mutanensa da bakinsa, kai kuma ka tsara shi da Hausar da ya saba magana da ita, ka cire duk alƙawarin da bai tabbatar zai iya cikawa ba. Ayar da zai kawo da hadisin a kai wa malami ya duba su, ya kuma saurari karatunsa. Jawabin ya zama gajere, domin hadisin Ammar da ke cikin Muslim ya sanya gajarta huɗuba cikin alamomin fahimtar mutum, kuma jama'ar da ta sha rana tun daga Ƙofar Kudu ba dogon zance take jira ba. Ya maimaita shi a gida har ya saba da shi, ranar taro kuma ya riƙe takardarsa a fili ba tare da ɓoyewa ba, ya karanta nassi da sunaye da alƙawura daga cikinta. Amma sallama, da godiya ga Allah, da godiya ga Mai Martaba, da addu'a ga iyaye da magabata, waɗannan ya ɗaga kai ya dubi mutane ya faɗe su da ka, domin ba ya buƙatar takarda kafin ya gode wa wanda ya yi masa alheri, kuma ina fatan wannan zai kwantar wa Baffa da hankali. Ku je masa da wannan bayani cikin ladabi, kada ku mayar da shi abin kayar da dattijo a gaban 'ya'yansa, in ya so ma ku roƙe shi ya zama shi ne mai sauraron gwajin jawabin, tunda ya fi ku sanin yadda ake jera gaisuwa a fada da wanda ake ambata kafin wani.

Takardar kuma, tunda akwai sunan Allah da aya a cikinta, kada a bar ta a kan kujera ko ta faɗi ƙasa a tattake ta bayan an watse. Ka karɓe ta daga hannunsa ka adana, zai yi kyau ya sake duba ta bayan shekara guda ya ga abin da ya cika daga cikin abin da ya faɗa.

Wallahu a'alam.