Amsa: Me ya sa likitocinmu suka koma katin takarda?

Malama, kin ce asibitinku ya sayi manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, amma likitoci sun koma katin takarda, kina tambayar dalili. A ganina matsalar ta jagoranci ce.

Dubi Ingila. A 2002 gwamnati ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan asibitocin NHS (hukumar kula da lafiya ta gwamnatin ƙasar) ta kwamfuta, ya lashe kusan fam biliyan 10, a 2011 aka sanar da wargaza shi. Daga sama aka ɗora shi, ba a ja likitoci da nas-nas a jiki ba. Shi ya sa rahoton da wani likitan Amurka, Robert Wachter, ya gabatar wa gwamnatin a 2016 ya nemi a horar da ma'aikatan lafiya su jagoranci irin wannan aiki.

Na gani da idona: nas riƙe da jariri mai zazzaɓi, kwamfuta na neman ta cike gurabe rututu kafin ta shigar da zafin jikinsa. Dole ta ɗauki biro.

Ku nemo likitan da abokan aiki ke jin maganarsa, a rage masa nauyin duba marasa lafiya, ya zauna da masu manhajar. Ku fara da abu ɗaya: sakamakon gwaji ya riƙa isa teburin likita kai tsaye.