Tambaya da Amsa: Daga Filin Sakandare Zuwa Gasar NFL

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas. Ɗan yayana da nake riƙo yana aji na 10, yana buga ƙwallon Amurka, wadda ake sa kwalkwali a rungumi ƙwallo a zura da gudu. Kocinsa ya ce yaron zai yi nisa. Ni kuwa ƙwallon da na sani ta Kano Pillars ce. Wace hanya ake bi har a kai ga NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, kuma me ya kamata in sa wa ido?
Wani mai karatu, Houston

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da ajiye tsarin ƙwallonmu a gefe. A ƙwallon Amurka kulob ba ya rainon yaro tun yana ƙarami. Dokar NFL ta ce sai ɗan wasa ya cika shekara uku da gama sakandare kafin a zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin gasar ke yi duk shekara, kuma kusan kowa a jami'a yake cinye waɗannan shekaru. Saboda haka ƙofar da ke gaban yaronka yanzu ta jami'a ce, kuma tana da makulli biyu: bidiyon wasansa da sakamakon karatunsa.

Na karatun shi ne aikinka, don shi ne wanda iyaye suka fi yin sakaci da shi. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, tana da cibiyar tantance cancanta, kuma sai yaro ya yi rajista da ita. Don shiga rukuni na ɗaya, wato mafi girma cikin rukunan jami'o'inta uku, ana buƙatar darussa 16 da hukumar ta amince da su: shekara huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na kimiyya, biyu na ilimin zamantakewa, ƙarin shekara ɗaya a Turanci ko lissafi ko kimiyya, sai huɗu na cike gurbi. Matsakaicin makinsa a cikinsu kada ya gaza 2.3 daga cikin 4. Ga inda ake tuntuɓe: dole a gama 10 daga cikin 16 ɗin kafin a shiga aji na 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, kuma bakwai daga cikin goman su kasance Turanci, lissafi ko kimiyya. Yaro zai iya cin darasi da maki mai kyau, daga baya a gano darasin ba ya cikin jerin da aka amince wa makarantarsa. Ka je wurin malamin da ke ba ɗalibai shawara a wannan zangon, ka ce ya buɗe maka jerin ku bi shi layi-layi. Wanda makinsa ya tsaya tsakanin 2.0 da 2.3 zai iya samun tallafin karatu ya yi atisaye, amma ba zai buga wasa a shekarar farko ba.

Shi kuma bidiyo, a shafin Hudl yawanci ake haɗa shi. Minti uku zuwa huɗu ya isa, a sa mafi kyawun wasanni biyar a farko, a yi wa yaron alama da da'ira kafin kowane wasa ya fara, a bar kiɗa. Kocin jami'a ba zai zauna neman lamba a cikin mutum 22 ba. Taurarin da shafuka irin su 247Sports da Rivals ke ba yara, daga biyu zuwa biyar, suna jawo ido, amma sansanin bazara da jami'a ke shiryawa da kanta ya fi amfani, don nan koci ke auna tsawon yaro da saurinsa da idonsa.

Ka kula da tayin baki. Koci zai iya ce wa yaro ɗan aji 10 an ba shi gurbi, yaron ya wallafa a intanet, gida ya ɗauki murna. Wannan magana ba ta ɗaure kowa. Idan aka kori kocin, ko aka samu wanda ya fi yaron, shi ke nan. Sai an sa hannu a takardar tallafin karatu, a watan Disamba ko Fabrairu na aji 12, magana ta tabbata.

Idan manyan jami'o'in rukunin FBS, wato matakin sama na rukuni na ɗaya, waɗanda sun ɗan haura 130, ba su neme shi ba, akwai FCS, matakin da ke ƙasa da shi, akwai rukuni na biyu, akwai kwalejojin shekara biyu da masu matsalar maki ke ratsawa. Rukuni na uku ba ya ba da tallafi saboda wasa. A jami'a yana da shekara biyar ya buga kaka huɗu, shi ya sa ake ajiye sababbi da yawa shekara guda su ƙara nauyi su haddace tsarin wasa. Tun daga Yulin 2021 kuma an halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 aka ba jami'o'i damar biyansu kai tsaye. Kada yaron ya sa hannu a kowace yarjejeniya sai lauya ya karanta.

Ka riƙe lissafin nan a zuciya: yara kusan miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandare, kimanin bakwai cikin ɗari ke samun wuri a jami'o'in NCAA, cikin waɗanda suka isa zaɓe kuma ƙasa da biyu cikin ɗari ake ɗauka. Ya zaɓi jami'ar da zai so ya gama digiri a cikinta ko da gwiwa ta ƙi.

Tambaya: Nakan ga 'yan wasa a talabijin suna gudu da gajeren wando ana riƙe da agogo, daga baya a kira suna mutum ya fashe da kuka. Shin da an kira sunanka ka zama ɗan NFL ke nan?
Wata mai karatu, Kaduna

Amsa: Malama, abin da kika gani na farko shi ne Combine, gwajin da ake yi a Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, inda ake gayyatar mutum ɗari uku da 'yan kai. Ana gudun yadi 40, ana ɗaga ƙarfe mai kilo 102 a ƙirga sau nawa, ana tsallen sama da na tsawo, ana zagaya mazugi uku. Xavier Worthy ya kafa tarihin gudun a 2024 da daƙiƙa 4.21. Amma abin da ƙungiyoyi suka fi zuwa dominsa ba a haska shi: likitocin ƙungiyoyi 32 suna murɗa gwiwa da kafaɗa, ana ɗaukar hoton tsohon rauni, sannan a shigar da mutum ɗaki a sa masa bidiyon wasan da ya yi kuskure a ce ya yi bayani.

Rauni a wannan tsakani yana da tsada. David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya buga wa jami'ar Michigan, ana sa ran ɗaukarsa a zagayen farko a 2022, sai agararsa ta tsinke a ranar gwajin jami'arsu a watan Maris. A zagaye na biyu Baltimore Ravens ta ɗauke shi.

Zaɓen kansa a ƙarshen Afrilu ake yi, zagaye bakwai, mutum 250 da 'yan kai, ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa. Wanda aka zaɓa yana samun kwantiragin shekara huɗu. Waɗanda aka tsallake kuma wayoyin wakilansu na fara ƙara tun kafin a rufe taro, don ƙungiyoyi na rububin ɗaukarsu a matsayin 'yan gwaji.

Amsar tambayarki dai ita ce a'a. Kowace ƙungiya na shiga sansanin horo da mutum 90, a ƙarshen Agusta ta rage su zuwa 53. Ɗan zagaye na shida ko na bakwai na iya faɗuwa a wannan tankaɗe, kuma galibin kuɗin kwantiraginsa ba tabbatacce ba ne, sai ladan sa hannu kawai. Abin da ke cetonsu sau da yawa shi ne yarda su yi aikin rukunin da ke bin ƙwallo idan an doka ta da ƙafa, aikin karo da taurari ba sa so. Wanda ya tsira, mafi ƙarancin albashinsa a 2025 dala 840,000 ne a shekara. Wanda aka sallama zai iya komawa rukunin 'yan atisaye mai mutum 16, a biya shi mako-mako. Lambar zaɓe kuma ba ta yanke hukunci: Tom Brady na 199 ne a 2000, Brock Purdy kuwa shi ne na ƙarshe, na 262, a 2022, amma dukansu sun yi fice a gasar.

Tambaya: Ƙanina shekararsa 19, tsawonsa ya kusa mita biyu, bai taɓa riƙe wannan ƙwallo ba. Yana da wata hanya?
Wani mai karatu, Nima, Accra

Amsa: Akwai, Malam, sai dai siririya ce. Ezekiel Ansah daga nan Accra ya je jami'ar BYU ta Amurka karatu, ya fara wasan a 2010, Detroit Lions ta ɗauke shi na biyar a 2013. Kafinsa Christian Okoye ɗan Enugu ya je Amurka a matsayin mai jifan faifai, ya ƙare yana kan gaba a gudu da ƙwallo a NFL a 1989. Tun 2017 kuma akwai shirin NFL na 'yan ƙasashen waje, kuma kowace ƙungiya na da ƙarin gurbi ɗaya a rukunin atisaye domin irinsu. Tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora ya jagoranci sansanonin zaƙulo matasa a Gana a 2022, Kenya a 2023, da Legas a 2024.

Irin ƙaninka a layin gaba ake gwada su, wato sahun ƙarfafan da ke ture juna idan an fara wasa, inda girma da saurin ƙafa suka fi daɗewa a wasa muhimmanci. Ya auna nauyinsa, tsawon hannunsa, gudun yadi 40 da tsallensa, ya ɗauki bidiyon kowanne ba tare da yanka ba. Ya adana sakamakon WAEC ɗinsa, don cibiyar NCAA za ta nema idan ta jami'a zai bi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samar masa gurbi a NFL, ku nemi sunansa a jerin wakilan da ƙungiyar 'yan wasan NFL ta yi wa rajista kafin ku ba shi ko sidi ɗaya.